Fukafukan da Kaka Ya Ƙera wa Mashin ɗin Baba

Shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, Baba yana aiki a wani ƙaramin asibiti da ke gaba da Izom kaɗan, mu kuma muna haya a Kwamba, cikin Suleja. A mashin yake zuwa ya dawo. Da safe tare muke fita, ya sauke ni a ƙofar makaranta a cikin gari, sannan ya miƙi hanyar yamma. A karkace nake zama a bayansa, ƙafafuna biyu a gefe guda, jakata a kan cinya, hannuna ɗaya riƙe da ƙarfen ɗaure kaya. Ba ma hira. Baba ba ya magana in yana tuƙi, ni kuma ko a gida ba ni da yawan magana. Shi ya sa na san mashin ɗin fiye da yadda ake zato. Na san ƙararsa in ya ƙoshi da mai, na san yadda yake tari da safe kafin ya kama, na san ramin da in muka faɗa shi sarƙa take bugun murfinta.

Baba yana da ciwon gwiwa. Tun yana saurayi ya faɗi a filin ƙwallo, gwiwar hagu ta goce, aka ɗora ta, ta warke amma ba ta manta ba. Da damina take tashi. Iskar safe ta doke ta tun daga Suleja har Izom, ruwan da tayar gaba take watsowa ya jiƙa masa wando har cinya, ya wuni da shi a jiki. Da yamma sai ka gan shi zaune a bakin gado, Mama ta dafa ruwa, yana gasa wurin da tsumma, fuskarsa a haɗe.

Kullum kafin mu kai makaranta sai mun tsaya a unguwar Hashimi, a rumfar Kaka. Shi ne mahaifin Mama. Sana'arsa ƙirar kwano: akwatin ƙarfe, kurfoti, bokiti, mazurari, abin kwashe shara. Tun daga nesa ake jin gudumarsa. Baba yakan kashe inji kafin mu iso, ya bar mashin ya gangara da kansa har bakin kwata, ya kafe shi, ya cire takalmi, ya tsuguna daga wajen rumfar. Ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Kaka yana kallon aikin da ke hannunsa, Baba yana kallon ƙasa.

"Likita, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ya aikin?"

"Da godiya."

Iyakar zancensu ke nan, kusan kullum. Baba ba likita ba ne, malamin asibiti ne, amma haka kowa yake kiransa, kuma hakan ya sauƙaƙa wa Kaka, tunda ba zai kama sunan mijin 'yarsa ba. Ni ce dai ba na tsira. Da zarar ya gama da Baba sai ya juyo kaina da wasan jika, ya ce ga matar nan tasa mai rowa, kullum ta zo hannu rabbana, ko kokon safe ba ta taɓa kawo masa ba, shi sakinta zai yi ya huta. Sauran jikokinsa ramawa suke yi, su ce wa zai zauna da tsoho mai warin fenti. Ni sai dai in ja hijabi in rufe baki.

Wata safiya an kwana ana ruwa, Baba ya gama gaisuwa ya zo miƙewa, gwiwar ta ƙi. Sai da ya kama ginshiƙin rumfar ya ja jikinsa sama. Kaka bai ɗago ba, amma gudumar ta tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ta sauko. A ranar ya aika wa Mama cewa ran Asabar a kai masa mashin a bar masa.

Da yammacin Asabar ɗin Baba ya shigo gida da mashin, yaran gidan haya suna biye da shi. Kaka ya yanko sabon kwano mai kauri, irin wanda yake akwati da shi, ya lanƙwasa falle biyu, ɗaya a kowane gefe, tun daga ƙarƙashin tanki har ƙasa da inda ake ɗora ƙafa. In Baba ya zauna, gwiwoyinsa da ƙwaurinsa sun ɓuya a bayansu gaba ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ya lura tayar gaba tana watsa taɓo ta tsakiya, sai ya haɗe fallayen biyu da wani na uku a bayan tayar, ya rufe gaban injin ruf. Bakin kowane falle ya naɗe shi a kan waya, yadda yake yi wa bakin bokiti, don kada ya yanki mutum. Ya shafa koren fenti, ya zana furanni ja da rawaya irin na akwatin 'yan makarantar kwana. Kuma bai ɗaure su da noti ba. Ƙusa ya sa ya dandaƙe kanta, kamar yadda yake yi wa duk abin da ba ya so ya dawo masa gyara.

'Yan acaban da ke bakin layinmu su suka raɗa musu suna. Ran Litinin muna fitowa ɗaya daga cikinsu ya miƙe tsaye ya sara.

"Oga Likita, jirgi aka saya? Ƙarfe nawa za a tashi?"

"A ba shi hanya, kada fukafukin ya kwashe ku!"

Baba ya ɗaga musu hannu ya wuce. Daga ranar kowa fukafukai yake cewa, har Mama.

Sun kuma yi aikin da aka yi su dominsa. Sauran daminar Baba ya riƙa dawowa da wandonsa a bushe. Tsumman gashi ya koma na goge tebur. Da sanyi ya shigo, sauran masu mashin suna ɗaure ƙafa da leda da tsofaffin safa, shi yana tafiya abinsa. Kaka ya sami abin yi da safe. Yayin da Baba yake tsugune, sai ya tashi da tsumma ya zagaya mashin, ya goge furannin, ya ƙwanƙwasa fallen da ɗan yatsa ya saurara. In wani ya zo wucewa ya kira shi ya gani. Yakan ce ko kamfanin da ya yi mashin bai yi wannan tunanin ba. Ban taɓa ganin ya yi alfahari da akwati ko kurfoti haka ba.

Da zafi ya fara shigowa, wari na fara ji. Ba da safe ba, sai ranakun da Baba ya tashi aiki da wuri ya biyo ya ɗauke ni bayan an tashe mu. Wari ne kamar an manta tukunya a wuta ba ruwa. Bayan 'yan kwanaki na fara jin hucin a ƙwaurina, ta cikin safa, duk da cewa ina can baya. In muka isa gida aka kashe inji, yakan yi wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, yana hucewa. Da can kafin in cire takalmi ya yi shiru. Yanzu har in canza kaya in fito wanke hannu yana yi. A hawan da ke kusa da gidanmu, wanda a da yake haye shi ba tare da Baba ya taɓa giya ba, sai ya riƙa nishi, wani abu yana ƙara a cikinsa kamar tsakuwa a gwangwani. Na ga Baba ma yana karkata kai yana saurare.

Bakaniken da ke gyara masa yana ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da mahaɗar unguwarmu. Bayarabe ne, ya daɗe a Suleja, yana da Hausa sosai sai dai harshensa yana jan ta wani wajen. Ran Lahadi ba ya fitowa, yana coci. Wata rana muka tsaya a wajensa da kayan makaranta a jikina. Ya kai hannu kusa da injin ya janye da sauri.

"Oga Likita, wa ya lulluɓa wa mashin ɗinka bargo a wannan zafin?"

Baba ya ce ai don iska ne.

"To ai iskar ita ce abincinsa. Wannan ba mota ba ce, ba shi da ruwa a ciki." Ya tsuguna ya leƙa ta bayan fallen, ya nuna wasu tsage-tsagen ƙarfe da suke jere a jikin injin kamar haƙarƙari. "Ka ga waɗannan? Iska ce take bi ta tsakaninsu ta kwashe zafi. Lokacin sanyi ya yi maka haƙuri. Yanzu ba zai yi ba."

Ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya zubo cikin wani tsohon galan da aka yanke. Na saba ganinsa yana zuba da kauri, yana jan jiki. Wannan karon tsululu ya fito kamar ruwan shayi. Bakaniken ya shafa shi a yatsa ya nuna wa Baba. Sannan ya ɗauko sifana ya ce bari ya kwance fukafukan, in damina ta dawo a mayar. Ya laluba ya laluba bai sami noti ba.

"Kai! Wannan wanda ya yi, ba ya so a rabu. Sai dai a sare. Ko in huda maka na tsakiyar, manyan ramuka, ya samu ya yi numfashi."

"A'a, bar shi."

"Me ya sa?"

"Surukina ne ya yi."

"To ka gaya masa mana."

Baba ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi abin da ba zai yiwu ba. Bakaniken ya dube shi, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Mu ma a garinmu har ƙasa muke kwanciya mu gaida suruki. Amma ba ma ba shi inji."

Ya zuba sabon mai, ya ce a riƙa kawo shi da wuri ana canzawa, kuma kada a yi doguwar tafiya da tsakar rana. Ya ƙara da cewa shi dai ya faɗa.

Baba ya bi abin da zai iya bi. Ya riƙa fita da sassafe, har na koma isa makaranta kafin mai gadi ya gama shara. Ya daina dawowa sai bayan la'asar. Ya gaya wa Mama cewa a hanya yana da bishiyoyin da yake tsayawa, ya kashe inji ya zauna har ya huce, mutanen ƙauyukan har sun fara zaton jiran wani yake. Amma zafi ƙaruwa yake yi. In mashin ɗin ya mutu ba shi da wata hanya sai motar haya, ita kuma ba ta kaiwa asibitin, a bakin titi take ajiye mutum ya ƙarasa da ƙafa, da gwiwar nan.

Wata rana bayan cin abincin yamma ina wanke kwanuka a ƙofar ɗaki na ji suna maganar.

"Ke ki faɗa masa. Mahaifinki ne."

"Ni? Ka manta ni ce 'yar fari? Mutumin da ko sunana ba ya faɗa. In na je gaishe shi bango yake kallo. Ta ina zan fara cewa aikinsa ya ɓata abu?"

"Ai ba ɓatawa ya yi ba. Lokacinsa ne ya wuce."

"To je ka ce masa haka."

Suka yi shiru. Ina jin ƙarar cokali a hannuna, sai na lura shirun ya yi tsawo. Na waiwaya, na ga su biyun ni suke kallo.

A gidanmu, da gidajen da na sani, jika ne kaɗai yake iya faɗa wa kaka abin da ya ga dama. Ya ce masa ya tsufa, ya ce masa marowaci, ya ce hularsa ta yi datti, duk a yi dariya. Mama ta ce abin ba wuya. Ran Asabar in na kai masa abinci, in bari sai ya fara tsokanata, sannan in ce, "Kai tsoho, fukafukan nan naka dafa mana inji suke yi, ka zo ka cire kayanka." Ta faɗa da murya mai daɗi, har da murguɗa baki, Baba ya yi murmushi. Ta sa na maimaita. A bakina maganar ta fito kamar ina karanta allo.

Ran Asabar na tafi da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali. Duk hanya ina maimaitawa a zuciyata. Na same shi yana lanƙwasa hannun bokiti. Ya buɗe kwanon ya leƙa, ya ce yau kuma an tuna da miji, amma ya san ba ni na tuƙa ba, don tuwona gudaji ne da shi. Na tsaya ina kallon guntayen kwanon da suka zube a ƙasa, masu siffar jinjirin wata, na faɗi abin da aka ce in faɗa.

"Me? Ɗaga murya, kunnen ya sha guduma."

Na sake faɗa.

Ya ajiye bokitin ya yi dariya har da tari. Ya kira mai sayar da itacen da ke kusa da shi ya ce ya zo ya ji, yau bebiyar matarsa ta yi magana, kuma da faɗa ta fara. Ya ce haushi take ji don ya yi wa mashin fure bai yi mata ba. Ya ce in zancen dahuwa ne, garin ne gaba ɗaya a kan wuta, shi ma nan da yake zaune ya kusa nuna. Ya ba ni gyaɗa a cikin takarda ya ce in tafi kafin in ƙone masa rumfa.

A gida Mama ta tare ni tun daga ƙofa.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi."

Ta kalli Baba. Baba ya ce to, ya ɗauki buta ya fita. Ba a sake aika kowa ba.

Da aka yi hutu aka ce in je in kwana biyu wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, da take aure a Izom. An shirya mu fita da sassafe kamar kullum, sai aka yi wa Baba waya cewa ya biya ya karɓi allurar rigakafi ta asibitinsu a cikin gari. Muka je muka zauna jira. Wanda yake riƙe da mabuɗi bai zo da wuri ba. Kafin a miƙo wa Baba akwatin, irin mai ƙanƙara a ciki, rana ta take. Ya ɗaure shi a baya da roba, ni na matsa gaba na zauna tsakaninsa da akwatin, ina jin sanyinsa a bayana, hucin inji a ƙafata.

Muka fita gari. Kwalta tana ƙyalli kamar an zuba mata ruwa. Gonaki duk an share su ana jiran ruwan fari, ba kore sai na mangwaro. Na ga Baba ya kalli wata babbar bishiya a gefen hanya, ya sassauta kaɗan, sannan ya kai hannu baya ya taɓa akwatin, ya ƙara wuta. Haka ya yi a ta biyu. Ƙanƙara ba za ta jira inji ya huce ba, kuma akwai mata da jarirai da aka ce su zo ranar.

Ƙarar tsakuwar nan ta fara tun muna kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Warin ya yi ƙarfi har na rufe hanci da hijabi. Da muka kama wani dogon hawa sai mashin ya riƙa ja baya-baya, Baba ya rage giya, ya sake ragewa. Kusa da ƙarshen hawan wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an buga guduma a cikin tukunya, tayar baya ta ja ƙasa, goshina ya bugi bayan Baba. Ya damƙe kuloci, muka gangara gefe a hankali, ba ƙarar komai sai ta tsakuwa a ƙarƙashin taya.

Ya ce in sauka. Ya taka kik, ƙarfen tayar da inji, ya ƙi motsi. Ya hau shi da duk nauyinsa, ko gezau. Wani siririn hayaƙi yana fitowa ta bayan fallen tsakiya. Na leƙa. Fentin da ke ciki, ɓangaren da yake fuskantar inji, ya kumbura ya yi ƙuraje, wani wurin ya yi baƙi. Ta waje furannin suna nan yadda suke.

Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon mashin ɗin. Sannan ya kwance akwatin ya ba ni na rungume, ya tura mashin zuwa wata rumfar ciyawa inda wata tsohuwa take sayar da mangwaro a faranti. Ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane. Ta nuna masa bayan rumfar, ta ɗora wani tsohon buhu a kan sirdin don rana. Muka tsaya a bakin titi har wata motar haya ta zo, aka matsa mana, na zauna a cinyar wata mata, akwatin a cinyar Baba. Daga inda aka sauke mu ya nuna mini layin gidan Gwaggo, shi ya kama hanyar asibiti da sauri, yana ɗan jan ƙafar hagu.

Da na dawo Suleja mashin ɗin yana gindin mangwaron bakanike. A bayan motar itace aka kawo shi. An sauke injin an buɗe, kayan cikinsa suna jiƙe a wani kwano da fetur. Fukafukan suna nan a jikinsa, sun rufe wurin da babu komai a ciki. Baba yana bin motar haya, yana fita tun kafin gari ya waye sosai, don haka gaisuwar Kaka ta koma da yamma, a ƙafa. Ya gaya masa mashin yana wajen gyara, ɗan sabis ne kawai.

Ran Asabar aka sake aikena da tuwo. Kaka ya karɓa ya ajiye bai buɗe ba. Bai ce mini mai rowa ba. Ya ci gaba da daidaita murfin wani akwati, yana buɗewa yana rufewa.

"Sabis ɗin nan ya daɗe," ya ce.

Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabina.

"An ce a mota aka kawo shi daga hanyar Izom. Mai itacen nan ya gani."

Na ce e.

Ya rufe akwatin, ya danna shi da tafin hannu. "Maganar da kika yi mini ran nan. Ke kika yi ta, ko aiko ki aka yi?"

Ba da muryar wasa ya tambaya ba, kuma ban san yadda ake amsa masa in ba wasa ba. Na ce aiko ni aka yi.

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ɗauki hularsa daga kan ƙusa, ya kakkaɓe ta, ya sa guduma da kurfin sare ƙarfe a aljihun rigarsa, ya ce wa mai itace ya duba masa rumfa. Ya tsayar da keke mai ƙafa uku ya ce in shiga in nuna hanyar wajen bakaniken. Kurfin yana bugun gudumar a aljihunsa duk ramin da muka faɗa.

Baba yana wajen, zaune a kan benci, ya zo ganin inda aka kwana. Da ya hango wanda yake saukowa daga keken sai ya miƙe da sauri har bencin ya ɗaga, ya cire takalmi ya tsuguna a ƙasar da duk baƙin mai ne.

"Likita, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Bakaniken ya goge hannu ya gaida Kaka, ya ce, "Dattijo, ai gara da ka zo da kanka, wannan abin da ka..." Baba ya ɗago ya dube shi. Bakaniken ya haɗiye sauran, ya koma yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aikinsa.

Kaka ya tsaya a kan kwanon fetur ɗin. Ya sunkuya ya ɗauko fistin, wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙaramin kofi, ya juya shi a rana. Gefensa guda duk ya ƙarje, ya yi zane-zane masu zurfi, ƙarfen ya canza launi. Ya shafa zanen da babban yatsa. Mutum ne da ya san yadda ƙarfe yake komawa in ya sha wuta. Ya mayar da shi a hankali. Sannan ya je jikin mashin, ya zura hannu ta bayan fallen tsakiya, ya fito da ɓawon fenti a yatsunsa, ya murtsuke.

"Fentin nan bai yi ba," ya ce. "Algus aka sayar mini. Zan tafi da su in sake."

Baba yana kallon ƙasa ya ce, "Ai kuwa yana da kyau, ranka ya daɗe."

"Na ce bai yi ba."

"To, Allah ya ƙara girma."

Kaka ya naɗe hannun riga ya ɗora kurfin a kan ƙusar farko. Aikin ya ɗauke shi lokaci, don ya dandaƙe su da kyau. Bakaniken ya ce yana da injin yanka, yanzu-yanzu zai gama, Kaka ya ce wanda ya ɗaura shi yake kwancewa. Gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan tanki. Duk kan ƙusar da ya fita sai ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙasa, ni kuma ina bin su da ido. Baba bai tashi daga tsugunon ba har aka gama, ko da yake na ga yana sauya nauyinsa daga ƙafar hagu zuwa ta dama.

Da fallayen suka fita Kaka ya haɗa su wuri guda, furannin suna fuskantar juna, ya ɗaure da wata waya da ya tsinta a ƙasa. Baba ya miƙa hannu zai karɓa ya kai masa, Kaka ya ce a'a, ba su da nauyi. Ya saka su a hammata ya tsayar da keke. Sai da ya zauna sannan ya leƙo ya dube ni.

"Ke kuma, gobe in za a aiko ki, ki ce aike ne. Mace ba murya, ba tuwo."

Keken ya tafi. Baba ya dafa benci ya miƙe, ya goge tafin ƙafarsa da wani tsumma kafin ya sa takalmi. Bakaniken yana ta danne dariya.

"Oga Likita, yaushe fentin zai bushe?"

"Kai dai haɗa mini injina."

Sai da aka koma makaranta da kwana biyu aka gama haɗa shi. Bakaniken ya ce a bi shi a hankali har sabon fistin ya zauna, don haka mako da makonni kowa yana wuce mu a hanya, har masu keke. Fukafukan ba su dawo ba. Baba bai tambaya ba, Kaka kuma bai sake tayar da zancen fenti ba.